Ram Ɗin da Ya Zare

Mai gyaran kwamfuta ɗin nan ba shi da tsoron Allah, shi ya sa abin ya same shi. Wata tsohuwa ta kawo masa kwamfutar ɗanta da ya rasu, wadda yaron ya harhaɗa da hannunsa, don ta riƙa jin muryarsa a bidiyo. Da ya buɗe ya ga ram mai kyau, ɗan guntun nan da ke sa inji gudu, sai ya zare ya cusa a tasa ta gida. Ya ce mata, "Inna, wannan ta mutu."

"Ɗan nan, ka dai ƙara dubawa," ta ce, tana share ido.

Tun ranar kwamfutarsa ta koma rarrafe. Ya goge ƙura, ya sauya fanka, duk a banza. Ya san abin da bai gwada ba, amma ko kallon wurin ba ya iya yi.

Wani dare yana durƙushe da sukudireba, sai fankar ta tsaya cak. Wani saurayi na tsaye a kansa, ƙofa kuwa da sakata. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi.

"Malam, ba ƙura ba ce," in ji shi, muryar na isowa a makare, bayan leɓɓansa sun gama motsi. Ya ɗora yatsa a kan ram ɗin. "Cire. Uwata na can zaune tana jira in yi magana."