Maɓoya a Bayan Randuna

A wata makarantar 'yan mata a Omdurman, akwai wata yarinya Bahaushiya mai dogara sanda. Kullum da safe ɗalibai sukan yi layi a fili, wanda suke kira tabur, ɗaya ta karanta labari a lasifika. Yarinyar ta daɗe tana jiran ranarta.

Ranar ta zo, ta nufi dandamali. Sai malamin da ke tsara tabur ya tare ta.

"Kalas, ya isa, koma layi," in ji shi. "Kafin ki hau da sandar nan rana ta yi. Kuma Larabcinku na Fallata dariya zai ba mutane."

Fallata shi ne sunan da ake kiran Hausawa da ire-irensu a can. Ta koma jiki a sanyaye. Ba ta ma san abin da za ta yi wa kuka ba, ƙafarta ko harshenta.

A nan ta yi kuskure, ta ƙi gaya wa kowa. Daga ranar, da ta sauka daga raksha, wato babur mai ƙafa uku, sai ta laɓe a bayan randunan ruwa har a watse. Tana jin muryoyin ƙawayenta daga nesa, ita kuwa sai ɗigar ruwa ke taya ta zama. Kaɗaici ya ishe ta.

Ganin ba ta zuwa tabur, shugabar makaranta, Ustaza Tasnim, ta aika a kira mahaifiyarta.

"Ya bitti, 'yata, ina kike zuwa?" Iya ta tambayi yarinyar a gaban Ustaza. "Ni da kaina nake sa ki a raksha!"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Da na ce saboda ƙafata ce, zai ce Larabcina ne. Da na ce Larabcina ne, zai ce ƙafata ce. Wa zai yarda da ni?"

"Ni na yarda," in ji Ustaza. "Dukansu biyun laifi ne. Doka ta hana a ware yaro saboda ƙabilarsa ko lalurar jikinsa. Amma doka ba ta jin wanda ya yi shiru."

Aka kira malamin. Ya sunkuyar da kai, ya ba yarinyar haƙuri a gaban Iya.

Washegari ta hau dandamali a hankali, makaranta duka tana jiranta. Ta karanta labarinta har ƙarshe, tafi ya ɓarke.

Tun daga ranar ta gane cewa in an zalunce ka, kada ka ɓuya. Ka faɗa wa babba, domin kana da haƙƙi kamar kowa.