Afdet Bayan La'asar

"Wayyo Allah, ba yanzu ba!"

Kaltume ta dafe kai. Fuskar Mansur da ta cika allon laftof yanzun nan ta ɓace, sai wani zobe mai juyi, da rubutu wai burauza, manhajar shiga intanet, tana sabunta kanta, a jira.

A jira! Sai ka ce abin ya san halin Baba.

Wata da watanni ta yi tana lallashinsa kafin ya yarda ya ga saurayin nata, malamin jinya a Jidda, ko da ta bidiyo ne. Ya ce shi ba ya ganin komai a waya, dole ta aro laftof wurin Jamaluddeen, ɗan gwaggonta mai gyaran kwamfuta a Kawo, wanda ya taɓa neman ta ta ce a'a. Har gida ya kawo da kansa, ya zauna sai fara'a yake zubawa.

"Yaron ya gudu ne?" in ji Baba.

"Wallahi Baba na'urar ce..."

"Tun bai shigo gidana ba ya fara shanya ni?"

Ya shuri takalmansa ya fice.

Wayarta ta yi ƙara, saƙon Mansur ne: "Rabin raina me ya faru? An kira ni ɗakin tiyata, ki ba Baba haƙuri..."

Sai da komai ya lalace zoben ya daina juyi, allon ya kawo sanarwa: an kammala afdet, wato sabuntawar, a lokacin da aka zaɓa.

Aka zaɓa?

Ta juyo a hankali.

"Yaya Jamalu, ashe zaɓa masa lokaci ake yi?"

"Ai... wani lokacin shi yake yin abinsa."

"Ƙarya ne! Ga shi nan an sa yau bayan la'asar. Ni na faɗa maka bayan la'asar Baba zai zauna!"

Ya sunkuyar da kai.

"Na riga shi son ki, Kaltume. Gobe na so in sa afdet ɗin, hannuna ya ƙi."

"Hannunka ya kyauta!"

Kuka ya ƙwace mata, irin na haushi.

Gyaran murya suka ji daga zaure. Ashe Baba bai yi nisa ba, yana nan tsaye ya ji komai.

"Jamalu, ni ka mayar abin wasa a gidana? Har na zargi ɗan mutane a banza! Ɗauki kayanka."

Jamaluddeen ya rungumi laftof ɗinsa ya fita sum-sum.

Baba ya juyo ga 'yarsa.

"Share hawayenki. Ba sai na gan shi a allo ba, ki ce ya turo magabatansa."

"Yaushe Baba?"

"An zaɓa miki lokaci yau kin ga yadda ta kaya. Wannan ke za ki sa."

Ko numfashi ba ta tsaya ja ba.

"Gobe!"