Allon Hana Ƙwallo a Filin Bakin Teku

Ranar da Genta ya fara ganin Kozue, tana tsaye a filin shaƙatawa na bakin teku tana karanta alluna da ƙarfi, kamar mai neman su da faɗa.

"An hana ƙwallo. An hana keke. An hana hayaniya." Ta ja tsaki. "Saura numfashi."

"Kwamiti na nan yana duba maganar," in ji wata murya a bayanta.

Ta waiwaya. Saurayi ne zaune a benci yana cin curin shinkafa, rigarsa duk baƙin man injin jiragen kamun kifi da yake gyarawa.

"Wane maras aikin yi ne ya kafa waɗannan?" ta tambaye shi.

"Babana."

Kunya ta kama ta, shi kuma ya yi ta dariya har ya ƙware. Tun daga ranar ya raɗa mata Barkono, ita ma ta sa masa Sarkin Shiru.

Kozue 'yar garin ce. Ta yi karatu a Osaka, ta dawo ta kama aiki a sashen tsara gari, ta tarar da komai yadda ta bar shi, sai tsufa da ya ƙaru. An rufe makarantar firamare guda. Sababbin ma'aurata suna ta kwashe kaya. Fili ɗaya tilo mai faɗi, tsofaffi ne ke buga getbol, wasan gara ƙwallo da sanda, a cikinsa da safe, daga nan ya wuni fayau, yara kuma na ɗaka da waya a hannu. Kowa ya ga haka, kowa ya ce ai haka aka saba.

Saƙonsa kan shigo da tsakar rana: "Barkonona, kin ci abinci, ko yau ma takaici kika ci?"

Ita kuma ta mayar: "Na gaji, Sarkin Shiru. Da ba don kai ba, da tuni na bi jirgin ƙasa."

Har sun fara maganar aure, sai taron unguwa ya zo. A garin nan ba a kawo sabuwar magana wurin taro. Sai ka bi dattawa gida-gida da ɗan kwalin alewa, ka durƙusa, ka sha shayi, ka ji ta bakin kowa. Ranar taro gyaɗa kai kawai ake yi. Kozue ta san haka sarai, ta ce ɓata lokaci ne.

Ta miƙe a gaban jama'a ta ce a cire allunan, a ba yara filin da yamma. "Garin da ya hana yaransa wasa," in ji ta, "kabarinsa yake haƙawa."

Baba Isogai, shugaban unguwa, mahaifin Genta, ya rusuna ya ce, "Za mu duba." Ko jinjiri ya san ma'anar wannan a'a ce. Genta kuwa bai ɗago kai ba.

A gida tsohon ya yanke hukunci: "Yarinyar da ta tsinka ni a bainar jama'a ba za ta zuba mini shayi a gidan nan ba." Ya fara yi wa Genta maganar auren Nanase, 'yar shugaban ƙungiyar masunta, wadda ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

Ana cikin haka Kozue ta hango Genta da Nanase a tashar jiragen ruwa suna magana ƙasa-ƙasa. Ta rubuta masa: "Na ga ka samu daidai da kai. Ku yi ta shirunku tare."

Amsa ta zo: "Sallama ta zo yi mini. Osaka za ta bi saurayinta, ta ce ba za ta yi reno a garin da yaro ba shi da wurin gudu ba. Ke ce da gaskiya, Barkonona. Amma gaskiyar da aka jefa wa tsoho a fuska, faɗuwa take yi ƙasa. Ni dai ke nake so, ko da yajinki."

Washegari ta sayi alewa.

Ta bi gidajen, ranta na suya. Gwiwoyinta suka yi tsami saboda durƙuso a tabarma, cikinta ya cika da shayi, kunnenta ya cika da labarin ciwon baya. A gidan Goggo Fusae, gwanar getbol, tsohuwar ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki ya riga ƙafarki zuwa. Kin san dalilin allon? Genta yana ƙarami ya bi ƙwallo har kan titi, motar kifi ta watsar da shi. Ubansa ne ya ɗauke shi a hannu. Dubi yadda yake ɗan ɗingishi mana."

Jikin Kozue ya yi sanyi. Amma tana fita haushi ya dawo: shekara da shekaru an kulle yaran gari a ɗaka, kan abin da raga ɗaya za ta magance, kuma ba wanda ya buɗe baki!

Gidan Baba Isogai ta je a ƙarshe. Ta durƙusa, goshinta ya kusa taɓa tabarma.

"Baba, na yi rashin kunya a taro, ka yafe mini. Amma abin da na faɗa ban janye ba. A kafa raga doguwa ta gefen titi, ƙwallo ba za ta sake fita ba. Safiya taku, yamma ta yara."

Tsohon ya dube ta. "Ke ko haƙuri kika zo bayarwa, sai kin haɗa da faɗa?"

"Haka Allah ya yi ni, Baba."

Ya tura mata butar shayi. "Wannan ya huce. Dafa wani."

Genta da ke laɓe a bakin ƙofa ya sauke ajiyar zuciya.

A taro na gaba kowa ya gyaɗa kai, kamar dama shawararsu ce. Allo ɗaya kawai suka yarda a cire. Na keke da na hayaniya, wai za a duba. Baba Isogai da kansa ya kwance na ƙwallon, ya miƙa wa Kozue.

"Ki ajiye. Idan jikana ya yi ƙiriniya, ki kafa masa a falo."

Da bazara aka ɗaura auren a wurin ibadar da ke kan tudu. Daga can ana jiyo ihun yara a filin. Goggo Fusae ta riƙe hannuwansu biyu ta ce, "Ku tsufa tare, ku cika mana filin nan da masu hayaniya."

Kozue ta jingina da kafaɗar angonta. "Na gaji, Sarkin Shiru."

"Huta, Barkonona," ya ce. "Saura alluna biyu."