Silin Gashi a Rigar Ludovica

"Ɗaga hannunki kaɗan..." Ornella ta faɗa da allurai a bakinta.

Amarya Ludovica ta ɗaga tana dariya. Sai aka turo ƙofa, ango ya leƙo. Tancredi ne, ɗan mai gidan ɗinkin.

"Fita!" uwarsa Signora Valsecchi ta daka masa tsawa. "Yaushe ango ya fara ganin riga kafin coci?"

Ya ja ƙofar, amma ba rigar ya kalla ba, mai ɗinka ta ya kalla. Ornella ta gani, ta ci gaba da soka allura. Ba ta ji komai ba wallahi, ko ɗar.

Duk Milano an san hannun Signora. Ba ta son tarkace, ba duwatsu, ba ƙyalƙyali. Silikin garin Como take yankawa a karkace, ya bi jikin mace ya zubo da kansa, ɗinkin kuma ko ka juya rigar ba za ka gane inda aka haɗa ba. Wannan ɓoyayyen ɗinkin aikin Ornella ne, ita ta fi kowa iya shi.

Da ta fito shan kofi, ta tarar da Tancredi a matakala.

"Ornella mia, Ornella tawa..."

"Ka daina kirana haka."

"Ya jikin Mamma?"

"Jiya ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki."

Shekarun baya da zai tafi Paris ya roƙe ta har da kuka ta bi shi, ta ce ba ta iya barin uwarta da hankalinta ya fara gushewa. Ya jira, ya gaji, ga shi ya dawo da wata.

"Kalma ɗaya nake so," ya ce a hankali. "Ki ce kar na yi, in fasa auren. Mu tafi da Mamma, rayuwata, zan nemo mata likitoci..."

"Tagar ɗakinta kaɗai ta sani a duniya, Tancredi. In na ɗauke ta daga nan, me ya rage mata?"

"Ni fa? Me ya rage min?"

"Mace mai kirki. Ƙugunta ma ba ya ba da wahala wajen ɗinki."

Ta ajiye kofin ba ta sha ba, ta koma ciki.

Ranar da za a rufe bakin rigar, 'yan matan ɗakin suka taru kamar yadda aka saba. Duk wadda ba ta da aure sai ta tsinke silin gashinta a ɗinke shi a ciki, wai don ita ma nata mijin ya zo. Ana ta shewa, kowacce na tura nata can ciki, kar baƙin gashi ya nuna ta cikin farin siliki, Signora ta cinye su ɗanye.

"Ke fa, shugabar tuzurai?" in ji Pina, tsohuwar mai guga. "Ko sai an tsinko miki?"

"Ƙyale ni, Pina."

"In ƙyale ki? Ni da na saka nawa a rigar uwarki?"

Don a zauna lafiya Ornella ta kai hannu ta tsinko ɗaya, ba ta ko duba ba. Ta miƙa shi gaban fitila za ta zura a allura, sai kowa ya zuba masa ido.

Fari ne tas, daga tushe har ƙarshe.

Ta daɗe tana kallonsa. Yaushe haka ta faru? Tana ta wanke Mamma, tana ɗinka rigunan auren mutane, ashe lokaci bai tsaya jiranta ba.

"Kawo in tura miki shi ciki, 'yata," Pina ta ce, muryarta ta canza.

"Bar shi. Nawa ba ya buƙatar ɓoyo."

Ta ɗinke shi a fili a bakin rigar, ya ɓace cikin silikin. Sai a lokacin ta ji tana son Tancredi kamar ranta zai fita, hawaye suka ɓalle mata. Pina ta yi maza ta janye rigar gefe, don siliki ba ya son ruwa.