Tsakuwa Ashirin da Biyu

Tun hantsi rana ke dukan bayan Glory, tana durƙushe a tsakar gida tana kankare ƙatuwar tukunyar da aka aro daga coci, toka da yashi sun cinye mata yatsu har sun tsattsage. Tukunya ta huɗu ke nan, kuma ko ruwan koko bai shiga cikinta ba... amma bakinta bai daina 'yar waƙar da take rerawa ƙasa-ƙasa ba, domin Allah ya yi ta da zuciya mai saurin gamsuwa. Shekara uku ke nan da rasuwar iyayenta, Kefas da Magdalene, aka ɗauko ta daga Dabai aka kawo ta Zuru gidan ƙanen mahaifinta, Baba Dominic, wanda a lokacin yake can bakin aikin soja. Matarsa Beatrice ce ta karɓe ta, ta ba ta ɗakin da ake tara tarkace, ta ɗora mata ɗiban ruwa da wanki da girki. Glory ba ta taɓa kai ƙara ba. Ranar Asabar kaɗai take roƙo a bar ta ta je Dabai ta duba 'yar gonar da mahaifinta ya bari, kuma wannan ranar ta ishe ta farin cikin mako guda.

Yanzu ga Baba Dominic ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, ya dawo gida da ransa da lafiyarsa, an sa Asabar mai zuwa za a yi bikin godiya. Beatrice, wadda a bariki aka haife ta, a bariki ta girma, ta zauna a kujera da takarda da biro tana lissafi da ƙarfi don kowa ya ji: kati ɗari da ashirin ta raba, saboda haka shinkafa mudu goma sha biyar, mutum takwas a mudu, lemon kwalba kuma kowa guda. Glory ta ajiye tukunyar. Ta wanke hannu, ta kwance bakin zaninta, ta zo ta durƙusa ta zube wasu 'yan tsakuwoyi a ƙasa.

"Mama, don Allah in yi magana?"

"Me kuma? Waɗannan duwatsun fa?"

"Abokan golmon Baba ne, Mama. Su ashirin da biyu ne suka yi wa juna noman aure suna samari, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. A wurinmu wanda kuka yi golmo tare ba a kai masa kati, shi da gidansa duka suke zuwa. Wanda ya mutu ma matarsa da 'ya'yansa za su zo a madadinsa. Kowace tsakuwa gida ce, kowane gida a sa mutum tara... kusan mutum ɗari biyu ke nan a kan na kati. Kuma da ƙafa za su sauko cikin zafin nan, kwalba ɗaya ba za ta kashe musu ƙishi ba. Mahaifiyata takan ce mudun dawa mutum bakwai ne in tuwo ne, kunu kuwa..."

Beatrice ta tuntsire da dariya, ta sa ƙafa ta watsa tsakuwoyin. "Ji mini 'yar ƙauye! Ke da ko firamare ba ki gama ba za ki koya mini biki? Na yi bikin ƙarin girma sau huɗu a bariki, wanda ba shi da kati ko ƙofa ba ya gani! Ko so kike a cika sito ki sami na kwasa?"

Baba Dominic da ke gefe yana goge takalmi ya ɗago kai ya yi murmushi mai ɗan ciwo. "Bar shi, Glory. Shekara talatin da biyar fa... wa zai tuna da ni a cikinsu? Yi abin da mamanki ta ce."

Glory ta bi ƙasa tana tsince tsakuwoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga su sun cika, ta mayar bakin zani. Ta san za su zo. Ta gan su da idonta ranar da aka binne mahaifinta, kuma ta ga yadda mahaifiyarta, wadda duk Dabai ba a biki sai da ita, take zama da tsakuwa kafin a ɗora tukunya. A ɗakin tarkacen nan kuwa, ƙarƙashin tsohuwar tabarma, akwai buhu guda na jar dawa, kaura, wadda ta noma da hannunta a gonar mahaifinta. Shi ne duk abin da ta mallaka a duniya. Ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciyarsu Inna Rahmatu, matar Malam Ladan mai injin niƙa, abin da ke ranta.

"Ɗiyata, dawarki ta shekara guda za ki ba mutanen da ba su gode miki?" in ji Inna Rahmatu.

"Inna, sunan gidanmu ne. In baƙi suka koma da yunwa, ba Mama za a ambata a Dabai ba, Baba za a ambata, da mahaifina da ke kwance."

Haka ta riƙa kai dawar gidan Inna Rahmatu da kwano a duk lokacin da ta fita ɗiban ruwa, mudu talatin na tuwo, goma na kunun zaƙi. Ranar Alhamis, a sahu na ƙarshe, ta yi kiciɓis da Beatrice a bakin ƙofa. Wayyo! Kafin ta buɗe baki an fizge kwanon, mari ya sauka a kuncinta.

"Ɓarauniya! Dominic, fito ka gani! Dawar da na saya na ajiye a sito take jida tana kai wa maƙwabta! Dama na faɗa, lissafin duwatsun nan na sata ne!"

"Mama, tawa ce... ta gonar Dabai ce, don Allah ki buɗe ki duba..."

"Rufe mini baki!" Beatrice ta wuce da kwanon a rufe da ƙyallensa, ta jefa sito ta datse da kwaɗo, ta soke makullin a ƙugu. Baba Dominic ya fito ya tsaya yana kallon 'yar wansa, idonsa ya yi ja. Bai tambaye ta komai ba. Ya ce da murya mai sanyi, wadda ta fi marin zafi, "Ban taɓa zaton jinin Kefas zai yi sata ba. A gama biki lafiya, ranar Lahadi ki tattara kayanki ki koma Dabai."

Glory ta shiga gidan Inna Rahmatu ta faɗi a jikinta tana kuka kamar ranta zai fita. Ba korar ce ta fi ƙona ta ba, sunan mahaifinta da aka haɗa da sata ne. "Ya Ubangiji, kai ka ga hannuna, kai ka ga zuciyata... kada ka bar ni da wannan suna!" Inna Rahmatu ta share mata hawaye da gefen mayafinta, ita ma nata na zuba, ta ce a bar su su sha kunyarsu, a mayar mata da dawarta. Glory ta girgiza kai. "A jiƙa ta kunun yau, Inna. In aka kai gobe ba za ta yi ba."

Asabar ta zo da rana mai ƙuna. Aka dawo daga coci, masu kati suka zauna a rumfa, aka raba shinkafa da kaza da lemo, komai ya tafi daidai yadda Beatrice ta rubuta, tana ta yawo cikin leshi tana karɓar yabo. Sai wajen ƙarfe biyu aka jiyo waƙa daga bakin hanya... Tsofaffi ne a gaba, kowanne da tsohuwar fartanya a kafaɗa, bayansu mata da goyo, da samari, da jikoki, daga Dabai, daga Manga, har da waɗanda suka kwana a hanya daga Dirin Daji. Wani dattijo mai furfura, Baba Philip, shugaban golmonsu, ya ɗaga murya tun daga nesa: "Ina Dominic mai gajeriyar kunyar noma? Ka tafi soja ka bar mana layinka ba ka ƙarasa ba, yau mun zo karɓa!"

Baba Dominic ya miƙe, ya rungume shi, sojan da bai yi kuka a fagen fama ba ya fashe da kuka. "Na ɗauka kun manta da ni..." Sannan ya juya da murna ya ce, "Beatrice, a kawo wa 'yan'uwana ruwa da abinci!"

Beatrice ta daskare. Tukwane sun koma ƙanzo, kwalabe sun zama wayam. Mutum kusan ɗari biyu suka zazzauna a inuwar mangwaro, yara na haɗiyar yawu, tsofaffi na share zufa, aka yi shiru irin wanda ya fi zagi. Baba Dominic ya sunkuyar da kai, yana jin da ma ƙasa ta tsage.

Sai ga ƙofar Malam Ladan ta buɗe. Inna Rahmatu ce a gaba da bokitin kunun zaƙi mai ƙamshin citta da kanumfari, matan unguwa na biye da ita da manyan kwanoni na tuwo da miyar kuka da ta sha daddawa. A ƙarshe Glory, da tsohon zaninta, kanta a ƙasa. Ta kwance tsakuwoyinta, duk gidan da aka kai wa nasa sai ta ajiye guda a gefe. Kunu ya zagaya sau biyu kafin tuwo, kamar yadda mahaifiyarta ke yi wa wanda ya sha tafiya. Da tsakuwa ta ashirin da biyu ta sauka, saura kwano ɗaya a ajiye, na wanda zai iso a makare.

"Kun gani ko!" Beatrice ta ƙwala ihu. "Dawata ce da ta sace! Da kayana take neman suna!"

Baba Philip ya gutsuro tuwon ya ɗaga sama, jawur da shi. "Uwargida, wace irin dawa kika saya?"

"Fara... farfara ce, buhu guda."

"To wannan kaura ce. Ni na ba Kefas irinta, kuma ni da matata muka taya yarinyar nan sussuka bana. Dominic, kai ma ka manta kalar tuwon gidanku?"

Baba Dominic ya nufi Beatrice. Ya miƙa hannu, ta ba shi makulli. Ya buɗe sito a gaban jama'a. Ga buhun farfara nan a ɗinke, ko allura ba ta taɓa shi ba. Ga kwanon Glory, ya yaye ƙyallen, jar dawa ce. A bayan buhun kuma ga manyan kuloli uku cike da shinkafa da kaji, waɗanda Beatrice ta ɓoye don ƙawayenta na bariki su tafi da su gida, alhali yara na zaune da yunwa a waje! Matan coci suka riƙe baki, ƙawayen nata suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baba Dominic ya sa ta ɗauko kulolin da kanta, ta bi tsofaffin ƙauyen nan da ta raina tana durƙusawa tana zuba musu, leshin na jan ƙasa, hawayen kunya na ɗiga.

Sannan ya zo gaban Glory, ya kama hannayenta da suka tsattsage. "'Yata, na yanke miki hukunci ban buɗe kwano ba. Ki yafe mini, don Allah, ki yafe mini saboda Kefas... Ba inda za ki. Gidan nan gidanki ne." Ya sa mata makullin sito a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Baba, ni ban riƙe ka ba," ta ce tana kuka tana murmushi. "Mama ma na yafe mata. Ka je ka ci, tuwon zai huce."

Baba Philip ya buga fartanyarsa a ƙasa ya ce daminar bana su ashirin da biyu, da masu rai da 'ya'yan waɗanda suka rigaya, za su sauka a gonar Kefas su nome ta kyauta, buhu guda ya dawo goma. Aka ɗauki guɗa, aka tayar da tsohuwar waƙar noma, Baba Dominic ya shiga fili yana taka rawa da takalmin soja, abokansa na yi masa tsiyar har yanzu layinsa a karkace yake.

Glory ta koma gindin mangwaro ta zauna. Inna Rahmatu ta turo mata kwanon nan na ƙarshe ta ce, "Mai lissafi, kin ƙirga kowa kin manta da kanki. Wanga naki ne." Glory ta yi dariya, ta ɗaure tsakuwoyinta a bakin zani tare da makullin, ta wanke hannu, ta yi addu'a, ta ci tuwon gonar mahaifinta har ta ƙoshi.