Mai Jan Biro

Ranar wata kasuwar Minjibir ce, kaka ta yi, Aina'u ta kai gyaɗa wajen masu awo. A hanyar komawa ta hangi wani teburi a gindin dalbejiya, littattafai jere a kai, kowanne an yi masa riga da takardar siminti. Mai teburin ya duƙufa yana karatu, ƙuda na yawo a kan hularsa bai sani ba.

Sai da ta yi sallama uku sannan ya ɗago.

"Malam, haya ake bayarwa ko gadi aka sa ka?"

Ya yi dariya har littafin ya faɗi. "A gafarce ni. An kusa kama ɓarawon ne a shafi na tamanin. Sunana Zubair."

Ta karɓi littafi guda, ta tafi tana jin idonsa a bayanta. Daga ranar nan kuwa gyaɗar gidansu ba ta ƙara rasa mai kai ta kasuwa ba.

Duk littafin da ta mayar sai sun yi musu a kansa. Ita ta ce jarumin wancan labarin ragon namiji ne, shi ya ce haƙuri ne da shi. Ta ce littafin tarihin fatake ya sa ta barci, ya dafe ƙirji kamar ta zagi kakansa. Ba a yi wata biyu ba suka koma waya.

"Malamata, kin kai inda aka sace amaryar?" ya rubuto wata rana da hantsi.

"Mai littafi, in ka gaya mini ƙarshen, na rantse ba ni ba kai."

To, ana cikin wannan daɗi sai jan biro ya shigo.

Da ma masu haya sun saba rubutu a gefen shafi, wannan ta sa "Allah sarki", waccan ta sa "mugu kawai". Amma akwai wani hannu daban, jan biro, manyan baƙaƙe tsaf-tsaf. A wani labarin marayu an rubuta: "A NAN NA YI KUKA." A ƙasa kuma ga shuɗin biro, rubutun Zubair da ta sani kamar yunwar cikinta: "Ni ma haka."

Ni ma haka! Aina'u ta rufe littafin da ƙarfi. Ita da ta ce masa ta yi kuka a labarin nan, dariya ya yi mata.

Ta shiga bin littattafan ɗaya bayan ɗaya, ba don karatu ba, don farauta. A littafin noman rani jan biron ya ce: "MARUBUCIN NAN BAI TAƁA RIƘE FARTANYA BA." Shuɗi ya amsa: "Gaskiya dokin ƙarfe." Tabɗijam, wato har noma ta sani! A littafin girke-girke ma sai da aka yi gyara a kan miyar kuka. Kishi ya hana Aina'u cin tuwo, ta rame a tsaye.

Zarginta ya faɗa kan ƙawarta Tahira, malamar Islamiyya, wadda kullum da jan biro a jaka. Sati biyu Aina'u na amsa gaisuwarta da hanci, har Tahira ta gaji ta tare ta a bakin rijiya.

"Ke, me na yi miki?"

"Ki tambayi bironki."

Da Tahira ta gane zancen, sai ta saki guga ta riƙe ciki don dariya. "Ni da ko takardar magani ba ni da haƙurin karantawa har ƙarshe? Je ki nemi mai jan biron naki, ba ni ba ce."

Ranar kasuwa Aina'u ta dire littafi a gaban Zubair, ta ɗora yatsa a kan jan rubutun.

"Wace ce?"

Fuskarsa ta canza. "Aina'u, amana ce. Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Au, har alkawari ke tsakaninku?"

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To Allah ya bar ku tare," ta ce, ta juya, idonta fal hawaye.

Kafin ta isa gida saƙonsa ya riga ta: "Malamata, zuciyata shafi ɗaya gare ta, kuma sunanki ne a kai. Don ki tabbatar, jibi kawuna zai zo wajen Baba."

Ta karanta ya fi sau goma, ta ƙi amsawa, amma ta share tsakar gida har sau biyu.

Mahaifinta, Malam Usmanu, tsohon malamin firamare ne da ya koma gona. Tun rasuwar matarsa Kulu, shekara biyu ke nan, ya zama mutum mai kaifin baki da ƙarancin dariya. Kowa a ƙauyen ya san ra'ayinsa: littattafan haya lalata tarbiyya ne. Shi ya sa Aina'u take ɓoye nata a ƙarƙashin katifa.

Kawun Zubair ya zo da goro da ladabi. Malam Usmanu na jin sunan yaron da sana'arsa, sai ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Mai teburin gindin dalbejiya? A'a. Ku yi haƙuri, ba da ni ba."

Ba dalili, ba ƙarin bayani. Aina'u na jin su daga bayan zana. Ga uba ya hana, ga wata can mai jan biro tana jiran ta ɗauke mata shi. Ta rubuta wa Zubair: "Shi ke nan, hanya ta buɗe maka. Je ka auri mai amanarka."

Ya amsa: "Ba zan ci amana ba, ba kuma zan haƙura da ke ba. Akwai littafi ɗaya da ban taɓa ba ki ba. Ki zo ki karɓa, ki karanta shi don Allah, ba don ni ba."

Ta je, don kishi ba ya barin mutum ya zauna. Labarin wani manomi ne da matarsa ta rasu. Bayan azahar ta zauna a inuwar rumbu tana buɗe shafuka da ƙarfi, tana neman abokiyar gabarta. Ga ta kuwa, kusan kowane shafi. A inda marubucin ya sa manomin yana birgima a ranar jana'iza, jan biron ya cika gefen takardar:

"BA HAKA AKE YI BA. RANAR BA A KUKA, MUTANE SUN YI YAWA. SAI RANAR DA KA DAWO DAGA GONA KA GA TURMINTA A KIFE. ALLAH YA JI ƘAN KULU."

Aina'u ta ɗago kai a hankali. Ga turmin can a gindin bango, a kife, inda Baba ya hana kowa taɓa shi tun rasuwar Inna. Sai yanzu ta tuna yadda yake daɗewa a kasuwa wai yana duba farashin taki, da jan biron nan na gyaran jarrabawa da bai taɓa rabuwa da aljihunsa ba.

Wata guda cur tana kishi da ubanta! Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta. Ta gane kuma abin da ya sa ya ƙi: ina Malam Usmanu zai sa fuskarsa, a ce surukinsa shi ne yaron da ya san ya yi kuka a kan labarin marayu?

Magana irin wannan ba ta faɗuwa da baki tsakanin 'ya da uba. Ta ɗauko fensir, ta rubuta a ƙasan jan rubutun: "Amin, Baba. Ni ma turmin nake kallo." Ta ajiye littafin a kan buzunsa, ta shige ɗaki.

Ta ji dawowarsa daga sallar la'asar. Ta ji yana buɗe shafuka. Can sai ga gyaran murya.

"Aina'u."

"Na'am, Baba." Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa.

"Shi ya gaya miki?"

"A'a, Baba. Na yi fushi da shi, na yi kuka, na ce ma ya rabu da ni. Bai buɗe baki ba. Littafin kawai ya ba ni."

Malam Usmanu ya share ido da hannun riga, wai ƙura ce ta shiga. "Yaron akwai wayo, bai faɗa ba kuma bai ɓoye ba. Wanda ya riƙe sirrin tsoho har ya kusa rasa abin da yake so, zai iya riƙe mini ke. Ki ce kawun nasa ya dawo."

Ta fito ta ɗauki waya ta rubuta wa Zubair: "Mai littafi, na ga mai jan biron. Na yafe maka, amma kada ka ƙara ce wa kowa 'ni ma haka' sai ni."

"Ni ma haka," ya amso.

Bayan an gama sussukar dawa aka ɗaura aure, Tahira ce babbar ƙawa, tana ta yi wa amarya tsiya. Da za a kai Aina'u ɗakinta, Baba ya sa aka tayar da turmin Kulu, aka wanke shi, aka ɗora a kan kayanta. A cikinsa ta tarar da sabon littafin rubutu, duk shafukansa farare, ban da na farko. Jan biro ne, amma wannan karon da ainihin rubutun hannunsa, ba manyan baƙaƙen ɓad da kama ba:

"Wannan labarin naku na bi shi tun daga farko. Ba ni da gyara. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu karatu."

Zubair ya miƙa hannu zai ɗauki shuɗin bironsa, Aina'u ta riga shi. Ita ta rubuta amin ɗin.