Tambaya Ta Tara

Wata ɗaliba ce a shekararta ta farko a jami'a, a garin Winnipeg. Ba ta taɓa fita daga Kanada ba. Watan Fabrairu ne, ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma ita hankalinta yana kan dogon hutu.

Ƙawarta Corinne ce ta nuna mata tallar a waya. Wani sansanin hutu na yara a Italiya yana neman ɗalibai su koyar da Turanci na mako shida. Za a ba su ɗaki da abinci.

"Ni tun jiya na cika takardata," in ji Corinne. "Ke kina nan kina hamma."

Yarinyar ta buɗe takardar neman aikin. Tambayoyin ba wuya. Sai ta zo kan ta tara: "Kin iya iyo?"

Ta tsaya. Ba ta iya ba. Tun tana ƙarama take tsoron ruwa mai zurfi.

"Sa eh mana," in ji Corinne. "Turanci za ki koyar, ba kifi za ki kama ba. Wa zai duba?"

Ta sa eh, ta tura.

Bayan mako uku amsa ta zo. An ɗauke ta. Ta ruga kicin, ta tarar babanta ya dawo daga aiki yana shan shayi. Direban bas ne.

"Karanta mini in ji," in ji shi.

Ta fara da murna. "Da safe za ki koyar a aji. Da yamma za ki kai yara goma tafki su yi iyo. Ke ce za ki kula da su."

Muryarta ta yi ƙasa. Baba ya ajiye kofinsa.

"Tafki? Ke da ruwa ba ya wuce miki gwiwa?"

Ta gaya masa abin da ta rubuta.

"Ai akwai wasu malamai a wurin, Baba. Zan tsaya a bakin ruwa ina kallonsu."

"In yaro ya nutse fa? Kallon za ki ci gaba da yi?"



"Kullum mutane suna shiga bas ɗina," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya tuƙi. Sun yarda ne kawai. Iyayen yaran nan ma haka suka yarda da abin da kika rubuta."

"Amma in na faɗa, za su fasa ɗaukata!"

"Mai yiwuwa. Kin girma, 'yata, ba zan hana ki tafiya ba. Amma ba da motata za ki je filin jirgi ba."

Kwana biyu tana juya maganar a ranta. A rana ta uku ta je ofishin Misis Kowalchuk, malamar da ke ba ɗalibai shawara. Ta ba ta labarin duka.

"To me kike so in yi miki?" in ji malamar.

"Ki taya ni rubuta musu, Malama. Ban san ta inda zan fara ba."

"Fara da abin da ya faru. Kada ki yi masa ado."

Ta rubuta layi huɗu. Ta ce ba ta iya iyo ba, ta ce ta yi ƙarya, ta nemi afuwa.

Amsar ta zo washegari. Sun gode da ta faɗa tun da wuri. Sun ba wata ɗaliba gurbinta.

A watan Yuni Corinne ta tafi. Kowace rana sai ta turo hoto, ga tafki, ga duwatsu. Yarinyar takan duba, ta kife wayar.

Misis Kowalchuk ta samo mata wani aikin a cikin gari. Da safe tana koya wa yaran baƙi Turanci a laburaren unguwa. Da yamma kuma ta shiga ajin koyon iyo. Sauran 'yan ajin duk tsofaffi ne.

Ranar farko ta ƙanƙame bakin kwamin da ake iyo a ciki, ta ƙi saki.

"Sake shi, jikata," in ji wata tsohuwa mai jar hular roba. "Ni shekarata saba'in, ga ni nan ban mutu ba."

Ta sha ruwa ta hanci, ta yi tari, tsofaffin suka yi ta dariya. Washegari ta dawo. Kafin hutu ya ƙare tana ƙetare kwamin sau goma ba hutawa. Da lokacin sanyi ya zo, ta ci jarrabawar ceton mai nutsewa.

Shekara ta zagayo, ta nemi aiki a wani sansani a bakin teku a Sifen. Aka ɗauke ta, aka ba ta yara goma sha biyu. Mako shida ta yi da su, ta mayar da su duka ga iyayensu lafiya.

Daga nan ta gane abu guda. Idan mutum ya ce ya iya abin da bai iya ba, ba kansa kaɗai yake sa wa cikin haɗari ba. Gara ya faɗi gaskiya, ya je ya koya.